Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishinan Albarkatun Ruwa Na Jihar Kebbi A Kangiwa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai girma Kwamishina da 'yan tawagarsa, wakilin Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, iyayen ƙasa, malamai, shugabannin manoma da na makiyaya, iyayenmu mata, assalamu alaikum.

A madadin Ƙaramar Hukumar Arewa, muna yi maka barka da zuwa Kangiwa. Ranka ya daɗe, mun ji daɗi da ka zo a bazara, domin wanda ya zo a watan Agusta ya tarar da tafkuna cike ba zai gane abin da muke kuka da shi ba.

Ƙasarmu tana bakin iyakar Nijar. Damina gajera ce, wata huɗu in ta yi kyau, sauran shekara kuwa abin da ke ƙarƙashin ƙasa muke sha. Dattawan da ke zaune a nan sun ga farin 1973 da na 1984. Amma ƙishirwar da ke damun ƙauyukanmu daga Maris zuwa Mayu, yawancinta ba rashin rijiya ba ne. Rijiyoyin suna nan, a lalace suke.

Ɗauki famfon tuƙa-tuƙa. An yi shi don mutum kamar 250 zuwa 300, sai ka ga gari guda da dabbobinsa a kansa tun asuba. Abin da ke fara mutuwa robar cikin silinda ce, wadda ya kamata a canza aƙalla sau ɗaya a shekara. Alamarta a fili take: ana tuƙawa da yawa, ruwa na zuwa kaɗan. Sai sarƙa, wadda ke son giris duk wata. In aka ƙyale, hannun famfo ya fara lilo, rodi ya tsinke ya faɗa rami, gyaran da bai taka kara ya karya ba ya koma aikin ɗauko injiniya daga Birnin Kebbi. Inda ruwa ke cin ƙarfe, bututu na tsatsa, ruwan ya yi ja, mata su gudu su koma tafki. Can bututun roba ya dace tun farko.

Saboda haka tsarinmu shi ne kowace rijiyar burtsatse ta sami kwamitinta, da mata a ciki, tun da su ke fara ganin matsala. Ana karɓar ɗan abin da gari ya amince a kan jarka ko a kan gida, a rubuta a littafi, a karanta wa jama'a. Kwamitin da ba ya karanta lissafi ba ya daɗewa.

Rijiyoyi masu aiki da hasken rana cutarsu daban. Ƙurar hunturu na rufe faranti, ƙarfin wuta ya ragu, alhali tsumma da ruwa kaɗan da sassafe sun isa. Mafi tsada shi ne injin ya ci gaba da juyawa bayan ruwa ya sauka ƙasa da shi, sai ya ƙone. Wannan laifin wanda ya haƙa ne: bai gwada ƙarfin rijiyar ba kafin ya zaɓi inji, ko kuma ya haƙa a ƙarshen damina ya tsaya da ganin ruwan farko.

Batun tafki, abin da muke gaya wa jama'a shi ne zurfi ya fi faɗi. A zafin bazara rana da iska na iya shanye kusan santimita ɗaya a yini, don haka tafki mai zurfin mita ɗaya ba zai kai damina ba ko da ba a ɗebi komai ba. Ana yasa a Afrilu ko Mayu in ya ƙafe, a kai ƙasar nesa da baki don kada ruwan farko ya maido ta, kuma kada a fasa laka ta ƙasa a kai ga yashi, sai ya riƙa tsiyaya. Saniya guda na shan fiye da jarka ɗaya mai lita 20 a yini, shi ya sa mashaya ke buƙatar kwaminta daban, da burtali a buɗe. Rigimar manomi da makiyayi sau da yawa daga nan take tashi.

A gona muna koya wa manoma tassa da rabin wata (rami mai siffar rabin wata da ke tare ruwan sama), dabarun da maƙwabtanmu na Nijar suka ƙware a kai. Tassa ƙaramin rami ne a ƙasa mai tauri, a zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu, gero ya jure in ruwan sama ya ɗauke.

Ranka ya daɗe, roƙonmu uku ne. A sa ma'aikatar ta wajabta binciken ƙasa da gwajin ruwa kafin a biya ɗan kwangila. A taimaka mana da horar da masu gyara a kowace mazaɓa, da shagon kayan gyara a nan Kangiwa. A ba mu aron injin tona na 'yan makonni kafin ruwan farko.

Bayan wannan zama za mu raka ka ka duba rijiya guda mai aiki da guda wadda ta tsaya. Allah Ya maida ka gida lafiya, Ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu alaikum.