Wa Ya Riƙe Agogo? Lacca Kan Masu Kafa Tarihi a Duniya

Assalamu alaikum warahmatullah. Na baya kuna jina? To madalla.

Ɗazu ina tahowa cunkoso ya riƙe mu wajen Ƙofar Nassarawa, sai ɗan adaidaita sahun da ya ɗauko ni yake tambayata, wai Malam da gaske ne duk wanda sunansa ya shiga kundin Guinness na masu kafa tarihi miliyoyi ake ba shi? Na ce masa ko sisi, takardar shaida ce kawai. Ya ce to wahalar me suke sha? Na ce biyo ni ka ji.

Shi kundin nan asalinsa musu ne, irin wanda kuke yi a teburin mai shayi. Wani Bature Hugh Beaver, shugaban kamfanin giyar Guinness, eh giya, kar ku zaro ido, shi ne suka fita farauta a Ailan gardama ta kaure kan wane tsuntsun farauta ya fi gudu a Turai, aka rasa littafin da zai raba gardama. A 1955 aka buga kundin farko.

To mu dawo gida. Kun tuna Hilda Baci, yarinyar nan da ta yi girki a Legas a watan Mayun 2023? Awa 100 ta yi tana fama da tukwane, duk ƙasar nan ana kallo a waya, amma da masu tantancewa suka zauna da bidiyon sai suka ce awa 93 da minti 11 za su rubuta mata, saboda dokar ita ce minti biyar kake da shi na hutu a kan kowace awa ɗaya, za ka iya tara su, ita kuma tun a farko-farko ta ɗan zarce lokacinta a wani hutu, shi ke nan kusan awa bakwai suka tafi a banza. Awa bakwai fa jama'a, a gaban wuta! Kuma shekarar ba ta ƙare ba wani ɗan Ailan, Alan Fisher, ya yi awa 119 da minti 57 a Japan ya karɓe kambun.

Wasu kuma wallahi abin nasu sai dai addu'a. Shridhar Chillal ɗan Indiya ya daina yanke farcen hannunsa na hagu a 1952, bai yanke ba sai 2018, shekara 66, in aka haɗa tsawonsu sun haura mita tara, hannun ma ya shanye ba ya moruwa. Mu da aka ce kar farcenmu ya wuce kwana arba'in. Ni dai ban ga bajinta a nan ba, na ga mutum ya sayar da hannunsa ya sayi takarda.

Akwai wanda kyauta ce daga Allah, kamar Halima Cisse 'yar Mali da ta haifi jarirai tara rigis a Maroko a 2021, kuma duk suka rayu. Iyaye mata na ga kuna riƙe baki.

Abin da ke cin raina shi ne nan Kano. Ku leƙa tsangayu, akwai alaramman da ya zauna da alƙalamin kara da tawada ya rubuta Alƙur'ani izu sittin da ka, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, in ka tambaye shi guda nawa ya rubuta sai ya yi murmushi ya ce Allah dai Ya karɓa. Ga masu rini a Ƙofar Mata, ga mai ƙosan unguwarku da ta shekara talatin asuba ba ta taɓa riskarta a kwance ba. Wa ya riƙe musu agogo? Su can masu kundin Guinness, kafin a fara sai an nemi izini, an kawo shaidun da ba dangi ba, an kafa kyamara, komai a rubuce. Mu kuwa sai mutum ya rasu a wajen zaman makoki ake cewa ai wane ya yi kaza, wani ya ce sau goma, wani ya ce sau arba'in, musu ya dawo sabo.

Na ji an kira salla. Masu tambaya ku rubuto a takarda, bayan Isha sai mu ɗora.