Kore da Ja a Jadawalin Hannun Jari

To jama'a, ku dubi allon nan. Bayan layin farashi akwai fili kore, can gaba ya rikiɗe ja. Kore lokacin hawan kasuwa ne, ja lokacin gangarowarta. Shafa launin kansa ba wani aiki ba ne. A Pine Script, harshen rubuta umarni na shafin jadawalin farashi mai suna TradingView, umarnin bgcolor kawai za ka kira, ka ba shi sharaɗi da launi. Mai aiki da harshen kwamfuta na Python kuma umarnin axvspan na matplotlib, kayan zanen jadawali, ya ishe shi. Ka dai sassauta launin, kada ya binne kyandirorin farashin, wato sandunan da kowanne ke nuna inda farashi ya buɗe da inda ya rufe a ranar.

Inda gizo ke saƙar shi ne sharaɗin. Kwamfuta ba ta san hawa ba, ba ta san faɗuwa ba, abin da ka faɗa mata shi za ta shafa. Galibi ana ɗaukar matsakaicin farashin rufewa na kwana 50 a gwada shi da na kwana 200. In na 50 yana sama, kore. In ya nutse ƙasa, ja.

Yanzu ku ga abin da wannan doka ta yi wa S&P 500, ma'aunin hannun jarin manyan kamfanonin Amurka, a 2020. Ya kai ƙololuwa ranar 19 ga Fabrairu, ya zube da kusan kashi 34 cikin ɗari zuwa 23 ga Maris. Duk tsawon zubewar nan allonka kore ne shar! Ja bai fito ba sai ƙarshen Maris, lokacin kasuwa ta riga ta juyo, kuma bai gushe ba sai Yuli. Ihu bayan hari ke nan. Lissafin bai yi kuskure ba, matsakaici dama waiwaye yake yi.

Wani zai ce a rage kwanakin zuwa 10 da 20. Na gwada, allon ya koma kamar jikin jakin dawa. Ni na fi son a ƙara launi na uku, toka-toka, a wurin da layukan matsakaitan biyu suka yi kusa da juna.

Sai kyandir ɗin da bai rufe ba. Da safe kore, da yamma ja, gobe ka duba ba alamar ya taɓa sauyawa. A Pine Script, ku sa barstate.isconfirmed cikin sharaɗin don launin ya jira rufewar kyandir tukuna. Wanda zai yi wa 'yan kasuwar Sin aiki kuma ya juya launukan, don can ja ne hawa. Ku buɗe kwamfutocinku mu fara da na kwana 200.