Rawar Simhat Tora: Ba Walimar Sauka Ba Ce Kawai

[Hoto: maza na zagaye suna rawa, wani ya rungume naɗaɗɗen littafi]

Jama'a, wannan bidiyon da ke ta yawo, wasu sun ce bikin aure ne, wasu sun ce sabuwar shekarar Yahudawa ce. Duka biyun ba haka ba ne. Sunan ranar Simhat Tora, wato farin cikin Attaura. Sabuwar shekararsu ta wuce da kusan mako uku kafin wannan rana.

Bari mu yi sauri. An kasa Attaura kashi 54, ana karanta kashi ɗaya kowace Asabar a majami'a, wato wurin ibadar Yahudawa. Idan makonnin shekara ba su isa ba, sai a haɗa kashi biyu a Asabar ɗaya. A Isra'ila ana kammalawa ran 22 ga watan Tishri na kalandar Yahudawa, a sauran ƙasashe kuwa ran 23.

[Hoto: hannu riƙe da ɗan tsinken azurfa yana bin layi]

Ku lura, ba a taɓa rubutun da yatsa. Fata ce, da hannu aka rubuta, kuma babu wasali ko ɗaya. Wanda ya taɓa fama da ajamin da ba a yi wa wasali ba ya san aikin da ke gaban mai karatun nan.

To, ga inda ake yawan ɓata. Da mun ji an ce an kammala, sai hankalinmu ya tafi walimar sauka: an kai ƙarshe, a yi addu'a, a ci shinkafa, a watse. Ni ma da farko haka na ɗauka. Amma ku duba teburin da kyau. Littafin ba ɗaya ba ne.

[A rage gudun hoton]

Mutumin farko, ana kiransa angon Attaura. A gabansa ake karanta ayoyin ƙarshe: Annabi Musa ya hau Dutsen Nebo, ya hango ƙasar da ya yi shekara arba'in yana jagorantar jama'arsa zuwa gare ta, bai taka ta ba, ya rasu yana da shekara 120. A nan Attaura ta tsaya. Jama'a ba su ma ƙetare Kogin Urdun ba tukuna. Sai majami'a ta ɗauki murya: “Hazak, hazak, wenithazek”, ma'ana ka ƙarfafa, ka ƙarfafa, mu ƙarfafa juna.

Ba wanda ya kama hanyar gida. Nan take a buɗe littafi na biyu, a kira angon Farawa (Farawa shi ne littafin farko na Attaura), a soma daga halittar sama da ƙasa. Da ma an ajiye shi a shirye, domin mayar da naɗin farko baya har zuwa tushe zai ci lokaci.

Me ya sa ba za su huta ko na mako ɗaya ba? Wani malaminsu, Yakubu ben Asher, wanda ya zauna a Toledo ta Sifen a ƙarni na 14, ya kawo dalili: don kada Shaiɗan ya samu bakin cewa sun gama, ba sa son komawa. Ka ji fa, har murnar ma sai an toshe mata kafar zargi.

[Hoto: haruffan Ibraniyanci biyu suna matsowa kusa]

Wannan kuma shi ya fi burge ni. Kalmar ƙarshe a Attaura ita ce Yisra'el, harafinta na ƙarshe lamed. Kalmar farko Bereshit, harafinta na farko bet. Haɗa su biyun, sai ka samu “leb”, wato zuciya. Masu wa'azinsu kan ce sai wanda ya haɗa ƙarshe da farko yake ganin wannan kalma.

Rawar kuwa zagaye bakwai ce, littattafan a rufe cikin rigunansu, malami da wanda bai iya baƙi ba duk kafaɗa ɗaya. Yaran can da aka tara a ƙarƙashin mayafin addu'a, su ma ana karanta musu nasu rabon. Wancan na gefe dai, alewa ce ta kawo shi.

[Hoto ya tsaya kan yaron]

Asabar ɗin da ke biye da bikin, za a sake karanta kashin farko na Farawa, wannan karon gaba ɗayansa.