Amsoshin Tambayoyinku: Tururuwar wuta da ƙudan da ke cire mata kai

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙu uku ne a gabana yau, kuma duk a kan ƙwaro ɗaya suke.

Ta farko daga wani manomi ce a Maraɗi. Ya ce ya ga bidiyo a Facebook, jajayen tururuwa sun dunƙule suna yawo a kan ruwan ambaliya a Amurka. Yana so ya sani ko kwarkwasa ce irin tamu, kuma ko da gaske tana ɓata gona.

To Malam, Allah ya ba da damina mai albarka. Ba kwarkwasa ba ce. Ana kiranta tururuwar wuta, masana kuma suna ce mata Solenopsis invicta. Asalinta Kudancin Amurka ne, a fadamun kogin Parana, wajajen Ajantina da Faraguwe da Birazil, inda ruwa ke malala kusan kowace shekara. Can ta koyi riƙe juna da ƙafa da baki, ta zama kamar tabarma a kan ruwa, sarauniya da ƙwai a tsakiya. An ga haka sosai a birnin Houston lokacin guguwar Harvey a 2017. A shekarun 1930 ta shiga Amurka ta tashar jiragen ruwa ta Mobile a jihar Alabama, yau kuma ta mamaye fiye da eka miliyan 300 a kudancin ƙasar.

Tudun da take ginawa ba shi da ƙofa a sama. Mutum zai taka bai sani ba, kafin ya ankara sun hau ƙafarsa ɗaruruwa. Kowace sai ta kama fata da baki, ta lanƙwasa gindi ta yi harbi, ta juya ta ƙara. Zafin kamar an ɗora garwashi, washegari wurin ya fito da farin ƙurji. Wanda jininsa bai karɓi dafin ba, numfashinsa na iya sarƙewa, sai an garzaya da shi asibiti.

A gona kuwa, tana cinye irin masara da dawa da waken suya tun yana tsirowa, ta ci furen kuɓewa, ta gwaguye ɓawon ƙananan itatuwan lemu har su bushe. Abin da ya fi taɓa ni shi ne dabbobi. Ɗan maraƙin da aka haifa a fili, jikinsa da danshi, bai iya tashi ba tukuna, sai su taru masa a ido da hanci, wani ya makance, wani ya mutu. 'Yan tsaki ma haka. Har akwatin lantarki na injin ban-ruwa takan shiga ta cushe shi.

Wasiƙa ta biyu daga wata ɗaliba ce mai karatun aikin gona a Zariya. Ta ce ta ji ana cewa ɓarnar ta kai dala biliyan 6 a shekara a Amurka, to wa ya ƙirga, kuma ta yaya?

Malama, ba tururuwar ake ƙirgawa ba, gidajenta ake ƙirgawa. A shata fili, a bi shi da ƙafa a lissafa tudu nawa ne a hekta ɗaya. Inda tudun bai fito ba, sai a ajiye ɗan yankin nama ko soyayyen dankali a 'yar kwalba, a dawo a duba wa ya taru. A Ostireliya, inda aka gano ta a birnin Brisbane a 2001, har karnuka aka horar suna shinshino gidanta, ana kuma ɗaukar hoton ƙasa daga jirgi mai saukar ungulu. Sannan a haɗa da bayanan zafi da ruwan sama a kwamfuta, domin tsananin sanyi da fari su ne ke tare ta. Da fikafikanta sarauniya ba ta wuce 'yan kilomitoci. Mutane ne ke kai ta nesa, cikin ƙasar tukunyar shuka da damin ciyawa da kwantena. Binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2011 ya nuna wadda ta isa Sin da Taiwan da Ostireliya daga Amurka ta fito, ba daga gidanta na asali ba. A 2023 kuma aka sanar da samun gidajenta 88 kusa da Sirakusa a tsibirin Sisili na Italiya.

Batun kuɗin, ƙiyasi ne da masana tattalin arziki suka haɗa ta hanyar tambayar magidanta da manoma da kamfanonin lantarki abin da suke kashewa a magani da gyara da asibiti. A jihar Texas kaɗai an sami kusan dala biliyan 1.2 a shekara, kuma kaso mafi tsoka a gidajen mutane yake, ba a gona ba. Ki riƙe wannan idan kin zo yin naki lissafin. Ki kuma sani cewa a gonakin rake na Luwiziyana tana cinye tsutsar da ke huda kara, wannan ma sai an sa shi a ma'auni.

Ta uku daga wani dattijo ne a Garwa, ƙasar Kamaru. Ya ce ya ji an kawo ƙuda don ya yaƙi tururuwar, shin ba gudun gara ba ne a faɗa gidan zago?

Baba, Allah ya ƙara girma, tsoronka yana kan hanya. A kudancin Kamaru ɗinku, an taɓa yaɗa wata 'yar mitsitsiyar tururuwar wuta mai suna Wasmannia a gonakin koko don ta kori ƙwarin da ke tsotse shi, ita ma baƙuwa ce daga can nahiyar Amurka, ta kuwa zame annoba ga tururuwan gida, kamar yadda aka gani a dazuzzukan Gabon. Amurka ma ta yi nata kuskuren. Daga 1957 ta riƙa zuba guba daga jiragen sama, tsuntsaye da kifaye suka mutu, tururuwan gida da ke gogayya da baƙuwar suka ragu, ita kuwa ta dawo ta tarar da fili. A 1978 aka hana amfani da Mirex, ɗaya daga cikin ire-iren gubar da aka zuba.

Daga baya masu bincike suka auna, suka ga yawan tururuwar wuta a Amurka ya ninka na gidanta na asali sau huɗu zuwa bakwai, saboda ta baro maƙiyanta a can. Cikinsu akwai wannan ƙuda, Pseudacteon, wanda girmansa kamar na kan tururuwar ne. Macen takan yi shawagi a kan tururuwa, ta soka mata ƙwai ɗaya a ƙirji cikin ƙiftawar ido. Tsutsar ta rarrafa zuwa kai, ta cinye abin da ke ciki, kan ya guntule ya faɗi, ita kuma ta ƙarasa girma a cikin ƙoƙon. Kafin a sake shi a Florida a 1997, sai da aka killace shi aka gwada shi da wasu tururuwan, aka tabbatar tururuwar wuta yake nema. Nan ne bambancinsa da tururuwar gonakin koko, wadda ke cin duk abin da ta samu.

Waɗanda yake kashewa kaɗan ne, Baba, ba zai ƙarar da ita ba. Amfaninsa shi ne firgita: da ya bayyana, ma'aikatan sukan daskare ko su koma rami, neman abinci ya ragu, tururuwan gida su sami sarari. Don haka manoman can har yanzu suna haɗawa da barbaɗa tsakin masara da aka jiƙa da man waken suya da maganin da ke hana ƙwan sarauniya girma, ma'aikata su kwashe su kai mata da kansu.

Nan za mu dakata. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.