Amsoshin Tambayoyinku: Ɗigo a Baki, Allura a Dantse

Masu saurarenmu na Kumasi da kewaye, assalamu alaikum. Wasiƙu biyu muka ɗauko yau.

Ta farko daga wata uwa ce a Aboabo. Ta kai jaririnta awo, aka ɗiga masa rigakafin shan inna a baki, a ranar kuma aka yi masa allurar shan innan. Tana tambaya ko na bakin ne bai isa ba.

Hajiya, kowanne da ƙofar da yake tsaro. Ƙwayar shan inna ta baki take shiga, ta yi gida a hanji. Ɗigon nan ƙwaya ce mai rai da aka raunana, tana bin sawun ta gasken, sai garkuwar hanji ta gane ta tun a zaure. Shi ke rage yaɗuwarta ta kashin yaro zuwa 'ya'yan maƙwabta, kin kuwa san yadda gidajenmu na zango suke a cushe. Ta allurar matacciya ce, aikinta ta sa jini ya tanadi makaman da ke tare cutar kafin ta kai laka ta shanye ƙafa. Don Allah kada ki bar ko ɗaya.

Ta biyu daga wani tela a Asawase. A 2021 aka yi masa rigakafin korona na AstraZeneca, cikin allurai 600,000 da COVAX, shirin raba rigakafin korona ga ƙasashen duniya, ya fara saukewa a Accra a watan Fabrairu, ƙanensa a Jamus kuma Pfizer ya samu. Mene ne bambancinsu, kuma me ya sa kaluluwa ta fito wa shi telan a hammata?

Malam, da sana'arka zan amsa maka. Ƙwayar korona tana da wasu ƙayoyi a jikinta, su ne rigar da ake gane ta da ita. Wasu rigakafin, kamar na ciwon hanta nau'in B, ɗinkakkiyar riga suke kawowa daga waje. Ƙwayoyin jini masu sintiri su tsince ta, su kai ta a nazarta, a ƙera makaman da za su maƙale wa duk mai irinta.

Naka da na ƙanenka kuwa ba riga suka kawo ba, takardar awo suka kawo. AstraZeneca ta saka awon cikin wata ƙwayar murar biri da aka hana ta hayayyafa, Pfizer ta naɗe nata cikin ɗan ƙanƙanin ƙullin maiƙo. Tantanin jikinka ya karanta, ya ɗinka ƙayar da kansa, ya rataye ƙyallenta a bakin ƙofarsa. Wannan ratayewar ce ta fi burge ni, domin ita ke ankarar da wata runduna ta daban, ƙwayoyin T masu kisa, waɗanda ke bi gida-gida suna rusa duk tantanin da cuta ta ɓuya a ciki. Ɗinkakkiyar riga ba ta cika tayar da su haka ba. Takardar Pfizer kuma ba ta daɗewa, cikin kwanaki jiki ke narkar da ita.

Kaluluwar hammata nan ne barikin da ake kai ƙyallen a horar da rundunar, shi ya sa ta fi fitowa a ɓangaren da aka yi allurar. Takan lafa da kanta. In ta yi makonni tana girma ko ta yi tauri, ka je asibiti a duba ta.