A-kori-kura: Tsohuwa ko Sabuwa, Wacce Ta Fi Jure Wahala?

Assalamu alaikum, masu kallo.

A shekarar 2003, masu shirin motoci na Top Gear a talabijin na BBC sun sayi wata tsohuwar Toyota Hilux mai shan dizal, ƙirar 1988, da niyyar ganin bayanta. Suka bar ta a bakin teku har ruwa ya shanye ta. Suka banka mata wuta. Daga ƙarshe suka ɗora ta kan wani dogon bene, aka rushe benen da nakiya. Da aka tono ta daga cikin ɓaraguzai shasinta ya karye, amma bakanike ya ɗan taɓa ta da 'yan kayan aikin hannu, ba tare da ya canza mata ko da abu ɗaya ba, sai ga injin ya tashi.

Irin wannan labari ne ya sa za ka ji mutum ya dage cewa motar zamanin da ita ce mota, ta yanzu kwali ce. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce dukkan gaskiyar ba.

Me ya sa tsohon injin yake da taurin rai? Ka buɗe bonet ɗin tsohuwar Hilux mai injin dizal ɗin da ake kira 3L ko 5L ka leƙa. Famfon mai na ƙarfe, nozul huɗu, batir, lagireto, shi ke nan. Har ƙasa kana iya hangowa ta gefen injin saboda sarari. Babu turbo, wato na'urar da take cusa wa inji ƙarin iska, ƙarfin da yake bayarwa kaɗan ne, don haka ba ya takura kansa. Idan man ya ɗan gurɓace, sai ya yi tari ya ci gaba da tafiya. Idan ya tsaya a daji, mai sifana da basira zai iya tayar da shi.

Sai dai a nan ne ido yake yaudarar mu. Tsofaffin da muke gani a kan hanya yau su ne waɗanda suka tsira. 'Yan uwansu da tsatsa ta cinye, da waɗanda injinsu ya buga, tuni an yanka su an sayar da ƙarfen, ba wanda yake tuna su. Kana ganin dattijo ɗaya mai shekara casa'in yana tafiya da ƙafarsa, ba ka ganin sa'o'insa da suka riga mu gidan gaskiya.

Sabon injin dizal kuwa wata halitta ce daban. Yana feso mai cikin silinda da matsin da ya kai bar 2,000 ko kusa da haka (bar ma'aunin matsi ne), ta ramukan nozul masu siririn gaske, kuma kwamfuta ce take auna kowane ɗigo. Sakamakon haka ƙaramin inji yana ba da ƙarfin da ya ninka na tsoho, yana shan mai kaɗan, ba ya turnuƙe mutane da baƙin hayaƙi. Amma ɗan ruwa ko ƙura a cikin man ya isa ya kashe injekta da famfo a tare. Ga kuma matatar da ake sa wa a salansa don kama toka, wadda ake kira DPF. Tana buƙatar doguwar tafiya da zafi sosai kafin ta ƙone abin da ta tara. Motar da kullum gajeren zango take yi a cikin cunkoso, matatar za ta toshe, fitila ta kama a gaban direba, ƙarfin mota ya ragu.

To, wane kamfani ne ya fi? Ni dai abin da na yarda da shi shi ne, sunan da ke manne a gaban mota ba shi ne yake jan ta ba.

Mu ɗauki Toyota, wadda ta fi kowa suna wajen ƙarko, kuma ta cancanci sunan. A Amurka, wata a-kori-kura Toyota Tundra ƙirar 2007 ta cika mil miliyan ɗaya a 2016, wato kusan kilomita miliyan 1.6, da injinta na asali. Amma a wannan shekara ta 2016 ɗin kamfanin ya amince da sasanci da masu motoci na kimanin dala biliyan 3.4 saboda shasin Tacoma, Tundra da Sequoia da tsatsa take ci. A Ostireliya, kotun tarayya ta yanke hukunci a 2022 cewa matatar DPF da ke cikin Hilux, Prado da Fortuner da aka sayar tsakanin 2015 da 2020 tana da lahani, motoci fiye da 260,000. A 2024 kuma aka nemi a dawo da kimanin motoci 102,000 don gyara, Tundra da Lexus LX ƙirar 2022 zuwa 2023, saboda ɓurɓushin ƙarfe da aka bari cikin sabon injin V6 tun daga masana'anta, har ta kai ga a canza injin gaba ɗaya.

Ford ma haka. Injinta na dizal mai lita 7.3, wanda aka yi daga 1994 zuwa 2003, har yau masu shi ba sa son rabuwa da shi. Wanda ya gaje shi, mai lita 6.0, ya sa mutane kuka da matsalar gaskit da na'urar sanyaya baƙin mai. Kamfani ɗaya, mota ɗaya, shekara ɗaya tsakani. General Motors ta nemi a dawo da motoci kusan 600,000 don gyara a Amurka a 2025 saboda injin V8 mai lita 6.2. Nissan Navara ƙirar da ake kira D40 ta sha suka a Birtaniya kan shasin da yake ruɓewa har ya karye a tsakiya.

Kun lura da wani abu? Yawancin waɗannan matsaloli sun faɗo ne a kan sabon inji ko sabuwar ƙira a shekarunta na farko. Shi ya sa idan aka tambaye ni, na fi karkata ga motar da ke tsakiya: injin da ya yi shekara biyar ko shida a kasuwa, an gano cutarsa, an gyara, kayan gyaransa sun wadata. Isuzu D-Max mai injin 4JJ1 misali ce mai kyau ta injin da ya daɗe ana gwada shi.

Akwai kuma abin da masoyan tsohuwa ba sa son a taɓo, kuma shi ya fi damuna. Ƙarkon mota daban, tsaron ran wanda ke ciki daban. A-kori-kurar shekarun 1980 ba ta da jakar iska mai kare direba a lokacin karo, galibi kuma ba ta da birkin ABS mai hana taya ƙullewa idan an taka birki da ƙarfi. Idan aka yi karo, ƙarfen zai iya fita lafiya, direban ne zai sha bugun. Sabuwa an ƙera gabanta ne don ya lotse ya shanye ƙarfin karon. Wannan lotsewar da ake yi wa dariya ita ce take ceton ƙirjin mutum.

Idan za ka sayi ta hannu, tsohuwa ko sabuwa, kada ka tsaya kallon fenti. Ka je da sassafe, kafin a ɗumama injin, ka sa a tayar da shi a gabanka. Ka dubi hayaƙi: shuɗi yana nufin tana ƙona baƙin mai, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa yana iya nufin ruwa yana shiga silinda. Ka buɗe murfin baƙin mai, in ka ga wani abu fari-fari mai kauri kamar kumfa, ka yi hattara. Sannan ka kwanta ƙasa da tocila da ƙaramar guduma, ka bi shasin kana ƙwanƙwasawa, musamman wajen da akwatin kaya ya haɗu da mazaunin direba da wajen da sifirin baya yake kama. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi. Wanda ya ruɓe kuwa za ka ji ya yi dum, jar tsatsa tana zubo maka a fuska. Idan kuma ka tarar an shafe ƙarƙashin da sabon baƙin fenti mai kauri, ka tambayi mai motar abin da ya sa, sannan ka nemi ya nuna maka takardun juyen mai.