Kunne ya toshe bayan saukar jirgi: kada ka taɓa tsinke

Assalamu alaikum. Tambayar nan ta yi yawa a guruf-guruf ɗin mutanenmu na Makka da Jidda: an sauka daga jirgi, ko an gangaro daga Ɗa'ifa ta hanyar Hada, kunne ya yi dum, murya tana dawo wa mutum a cikin kai. Sai a ce dauda ce, a nemo tsinken auduga. Wani ma da makullin ɗakin otel!

Alhaji, dakata, bari in kwatanta maka cikin kunne. Akwai dodon kunne, wato siririyar fatar da ke ƙarshen ramin kunne. Dauda a gabansa take taruwa. A bayansa kuwa akwai ɗan ɗaki mai iska, da siririyar hanya da ta haɗa shi da bayan hanci, tsawonta bai kai santimita 4 ba. Ita ke daidaita iskar ciki da ta waje, wadda matsinta ke ƙaruwa in ana saukowa daga sama. In mura ta kumbura ta, ga sanyin esi ga tarin da ake yi wa juna rabo a Harami, sai ta liƙe, dodon ya lotsa ciki. To ta ina tsinke zai kai can? Abin da zai yi kawai shi ne ya danna daudar ciki, ko ya huda dodon.

Irin wannan toshewar, haɗiyar yawu, hamma da tauna cingam suna buɗe ta. Ko ka toshe hanci, ka rufe baki, ka hura a hankali. A hankali na ce, Hajiya. Galibi tana sakewa in murar ta lafa.

In likita ya haska ya ga dauda ce, ɗigon man zaitun na 'yan kwanaki yana tausasa ta. Amma ban da kunnen da ke zubar ruwa ko wanda dodonsa ya taɓa fashewa. Kyandir ɗin nan da ake kunnawa a kunne kuwa, ni dai ban ga komai a cikinsa ba sai ƙuna.

Wanda ba a jira da shi: ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, musamman in kunnen na ƙara ko ana jin jiri. Wannan kan iya zama jijiyar ji ce, kuma maganinsa ya fi aiki a kwanakin farko. A tafi asibiti ranar, ko a kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya.